Ina Gajiya? Tsokaci A Kan Ma'aikaci Da Shugabansa

Duk Bahaushen da ya fita da safe, kafin ya kai bakin kasuwa ko ƙofar ofis an tambaye shi gajiya sau biyar ko fiye, kuma duk amsa ɗaya zai bayar, wato ba gajiya. In an ce masa ina aiki, ya ce aiki da godiya. Haka muka taras iyayenmu suna yi, haka mu ma muke yi, kuma ba mu ce a daina ba, domin gaisuwa ce mai koya wa mutum godiyar Ubangiji. Sai dai wannan kyakkyawar al'ada ta sa mun zama mutanen da ba su da wurin ajiye maganar gajiya. Wanda ya kuskura ya ce ya gaji da aikinsa, nan da nan za a kira shi rago, ko a ce ya yi butulci, ga dubban mutane can suna yawo da takardu ba su sami ko aikin masinja ba. Saboda haka sai ya haɗiye, ya ci gaba da kai gangar jikinsa ofis, zuciyar kuwa ta daɗe da ajiye aiki.

Mu da muka fito daga yammacin Zamfara, wato ƙasar Anka da ta Bukkuyum da ta Gummi, akasarinmu malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da na ƙaramar hukuma, rubutu kuwa sai dare ya yi muke taɓa shi. Mun ga abokan aiki da suka shigo da zafinsu kamar za su cinye aikin ɗanye, bayan shekara biyar ko shida suka koma ba abin da suke jira sai ƙarshen wata. Mun kuma ga waɗansu da suka shekara ashirin a ƙauyen da ba wuta ba ruwan famfo, amma har gobe in suka shiga aji sai ka ce ranar suka fara. Da muka daɗe muna auna waɗannan da waɗancan, abin da muka fahimta shi ne, yawan aiki shi kaɗai bai cika karya ma'aikaci ba. Abin da ke karya shi shi ne ya yi ta wahala bai ga inda wahalar ta tafi ba, kuma wanda ke bisa kansa bai ma san yana yi ba. Wannan shi ne abin da muke so mu tattauna da 'yan'uwa marubuta a wannan fitowa.

Da farko dai ya kamata mu rarrabe gajiya iri biyu. Akwai gajiyar jiki, irin ta manomin da ya wuni yana huɗa a fadamar Gummi, ya dawo gida ƙafa ba ta ɗaukarsa. Wannan in ya yi wanka ya ci tuwo ya kwanta, da asuba sai ya tashi garau, shi ya sa ake cewa gajiya ta bi lafiya. Akwai kuma wata gajiyar wadda barci ba ya maganinta, mutum ya kwana ya tashi da ita, ya yi hutun ƙarshen mako ya koma da ita. Ita ce za mu kira sarewa, domin mai ita ya sare ne da aikin baki ɗaya. Sunan da Turawa suka ba ta yana nufin abin da ya ci wuta har ya cinye, kamar fitilar da ta shanye manta har lagwanin ya ƙone. Wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Herbert Freudenberger yana cikin waɗanda suka fara rubutu a kanta, a 1974, bayan ya lura da masu aikin sa-kai a wani asibitin kyauta da ke birnin Niyok na ƙasar Amurka. Abin da ya gani kuwa ya saɓa wa zaton mutane, domin waɗanda suka fi ba da kansu ga aikin su ne abin ya fi kamawa. Ashe rago ba ya sarewa, tunda dama bai ɗauki komai ba balle ya nauyaya masa.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin wannan hali a cikin kundinta na rabe-raben cututtuka. Ta ce shi ba cuta ba ne a kan kansa, hali ne da ke tasowa daga matsin wurin aiki wanda ya daɗe ba a magance shi ba. Ta kuma ba shi alamu uku, wato ƙarewar ƙarfi, da nisantar aikin a zuci har mutum ya riƙa ƙyamarsa, da kuma raguwar ƙwazo har ya ga ba abin da yake tsinanawa. Alama ta biyu ita ce wadda jama'a suka fi haɗuwa da ita. Ita ce ke bayan ma'aikaciyar jinyar da ke daka wa mai naƙuda tsawa, da malamin da zai cika allo da rubutu ya koma gindin bishiya, da akawun da kullum amsarsa ita ce a dawo gobe. Ba muna wanke su ba ne, wulaƙanta mai neman taimako laifi ne ko wa ya yi shi. Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma da yawa daga cikinsu mun san su tun suna da tausayi.

Domin mu gane yadda abin yake, bari mu ɗauki misali da aiki mafi nauyi da aka taɓa yi a yankinmu a wannan zamani. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta Na-gari-na-kowa, wato MSF, suna cikin bin sawun cutar sanƙarau, sai suka taras da ƙauyuka a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum inda ƙananan yara ke mutuwa da yawan da ya wuce hankali, galibi bayan sun yi ta shiɗewa. Bincike ya nuna gubar dalma ce. Farashin zinariya ya tashi a duniya, mutane suka duƙufa haƙo duwatsu suna kawowa cikin gida, ana dakawa a turmi ana niƙawa da injin niƙan hatsi, alhali duwatsun cike suke da dalma. Ƙurar ta bi ƙasar tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Wani bincike da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi tare da hukumomin Nijeriya a Dareta da 'Yargalma ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara ɗaya, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Jimlar yaran da aka rasa a wannan masifa ba su gaza 400 ba.

To, maganin da ake bai wa yaro yana kama dalmar da ke cikin jini ne ya fitar da ita. Amma in aka ba shi maganin ya koma gidan da ƙasarsa ke da guba, an yi aikin banza, domin jinin zai sake cika. Saboda haka dole sai an fara kankare ƙasar gida-gida, a kwashe ta a binne a bayan gari, a zubo sabuwa, sa'annan likita ya sa hannu. Tsakanin 2010 da 2011 aka yi wannan aiki a ƙauyuka bakwai, wato Dareta da Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji da 'Yargalma da Tungar Guru. 'Yan ƙasa ne suka riƙe shebur da baro, cikin rana da ƙura, ma'aikatan jinya kuma suna kwana a kan yara a Anka da Bukkuyum. Aiki ne na fitar rai, amma waɗanda suka yi shi daga cikin mutanenmu, in suna ba da labari har yau, za ka ji alfahari a muryarsu. Dalili kuwa shi ne sun ga yaron da aka kawo ranga-ranga ya tashi yana wasa, sun ga mace-mace sun ragu a gaban idonsu.

Sai kuma Bagega, wadda ta fi sauran girma. An san akwai yara kimanin 1,500 a can da ke cikin haɗari, ga magani, ga waɗanda suka iya ba da shi, amma ba kuɗin kankare ƙasa. A watan Mayu na 2012 gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin naira miliyan 850, kuɗin ba su fito ba sai a farkon 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal da ƙungiyoyin kare haƙƙi sun yi ta kururuwa. A 2013 ɗin ne aka share Bagega aka fara ba yara magani. Mai karatu ya sa kansa a matsayin ma'aikacin da ya shekara biyu yana kallon yaran da ya san maganinsu, hannunsa a ɗaure, don wata takarda ta maƙale a kan teburin wani a Abuja. A waɗannan shekaru aikin hannunsa a Bagega bai kai na sauran ƙauyukan yawa ba, amma nauyin da ke zuciyarsa ya fi. A nan ne muka ga bambancin wahalar da ke da amfani da wahalar da ke kashe zuciya.

Wannan aiki na gubar dalma ya kuma nuna mana wasu halaye na kyakkyawan jagoranci. An tsara aikin daki-daki, kowa ya san me ke gaba da me. Ba a kutsa gidajen mutane da ƙarfi ba, sai da aka bi ta hannun sarakuna da hakimai da masu unguwanni. An koya wa 'yan ƙasa aikin, har a farkon 2022, bayan an gwada jinin yara sama da 8,000, ƙungiyar ta miƙa shirin ga hukumomin jiha. Aikin da ke da farko da tsakiya da ƙarshe, wanda kuma mai yinsa ya san matsayinsa a ciki, ko ya yi nauyi ana iya ɗaukarsa.

Bayan wannan masifa, wata ta biyo baya wadda ta ƙara wa ma'aikacin yankinmu kaya a kan kaya, wato ta 'yan bindiga. Hanyar da ta tashi daga Mayanci ta bi ta Anka da Nasarawar Burkullu zuwa Ɗaki Takwas da Gummi ta zama hanyar da mutum ke yin sallama da iyalinsa kafin ya hau ta. A watan Satumba na 2021 aka rufe makarantu da kasuwannin mako, aka kuma katse layukan wayar salula a faɗin jihar na tsawon makonni. A farkon Janairu na 2022 aka auka wa ƙauyuka a Anka da Bukkuyum, gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna wurin suka ce sun kai 200. A damunar 2024 kuma ambaliya ta raba dubban mutane da gidajensu a Gummi. Duk lokacin da irin wannan ta faru, asibiti ɗaya da ke tsaye shi ke karɓar marasa lafiyar ƙauyuka goma, makaranta ɗaya ta cika da 'ya'yan 'yan gudun hijira, ma'aikatan kuwa ba a ƙara ko mutum ɗaya ba, sai ma raguwa da suke yi. Ga kuma tsadar rayuwa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sa'annan 70,000 a 2024, amma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota da na hatsi suka riga albashin yin gaba.

Wani zai ce, to, tunda abin ya kai haka, me shugaban wurin aiki zai iya yi? Hedimasta ba shi ke yanka albashi ba, shugaban asibitin ƙauye ba shi zai kori 'yan bindiga daga hanya ba. Wannan gaskiya ne. Amma wata masaniya a Amurka mai suna Christina Maslach, wadda ta shafe shekaru tana nazarin sarewa tun daga shekarun 1970, ita da abokin bincikenta Michael Leiter sun ƙididdige wurare shida da ake samun saɓani tsakanin mutum da aikinsa. Su ne yawan aiki, da rashin ta-cewa a kan yadda za a yi shi, da rashin sakamako ko yabo, da lalacewar zumunci tsakanin abokan aiki, da rashin adalci, da kuma tilasta wa mutum yin abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. In muka duba da kyau, mafi yawan waɗannan shida suna hannun shugaba na kusa ne, wanda ake gani kullum, ba su hannun gwamna ko minista.

Mun ga wannan da idonmu a wata makarantar firamare ta ƙauye a yankinmu, wadda ba sai mun ambaci sunanta ba. Hedimastoci biyu suka riƙe ta, ɗaya bayan ɗaya, da malamai kusan iri ɗaya, da albashi ɗaya, da rufi ɗaya mai yoyo. Na farko ba ya shiga aji. Aikinsa shi ne ya ja jan layi a littafin sa hannu da ƙarfe takwas, ko da kuwa ya san malamin da ya makara ya tsaya ne jiran a tabbatar hanya ta yi lafiya. In takardar zuwa bita ta zo mai ɗan alawus, 'yan gaban goshinsa biyu su ne kullum. In yara suka ci jarrabawa, shi ke zuwa ofishin ilimi ya karɓi yabo, kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. In kuwa sufeto ya sami kuskure, a gaban yara zai tsinka malami. Kafin shekara uku, duk malamin da ke da wanda zai tsaya masa ya nemi canjin wuri, waɗanda suka rage kuma suka koma sa hannu kawai.

Na biyu da ya zo, abu na farko da ya yi shi ne ya ɗauki aji ɗaya, ajin da kowa ke gudu, ya ce nasa ne. Ya tara malamai suka tsara jadawali tare, waɗanda ke zuwa daga nesa aka ba su darussan hantsi. Zuwa bita ya zama bi da bi, an rubuta an manna a bango kowa na gani. In maganar ƙarin girma ta maƙale, ba ya yi wa mutum romon baka, sai ya gaya masa inda ta tsaya da abin da shi ya yi a kai. Wata rana ya lura wani malami yana koyarwa hankalinsa ba ya wurin, da ya bincika ya ji maiɗakinsa ce ba lafiya, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, tashi ka tai gida ka duba iyali, ajin naka yau nawa ne." Malamin ya ce, "Allah shi saka da alheri, Yallaɓai." Wannan malami bai sake makara ba sai da dalili mai ƙarfi. Hedimastan nan ba mai sake ba ne, yana yin faɗa, amma a ofis yake yi, ƙofa a rufe. Albashi bai ƙaru da ko kwabo ba a zamaninsa, amma mutane suka dawo suna son aikinsu.

Wannan ya yi daidai da abin da wani masani, Frederick Herzberg, ya bayyana tun 1959, cewa abubuwan da ke sa ma'aikaci ƙorafi daban suke da waɗanda ke sa shi jin daɗin aiki. Rashin albashi mai kyau da rashin kayan aiki suna sa ƙorafi, amma jin daɗi yana zuwa ne daga ganin nasara, da samun yabo, da a damƙa wa mutum amana. Sai dai kada wani mai riƙe da haƙƙin mutane ya fake da wannan magana. Yabo ba ya sayen buhun gero, kuma addininmu ya yi umurni da a biya ma'aikaci ladansa da wuri, ya hana a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, in kuwa an ɗora to a taya shi.

A gaskiya ba sai mun je Amurka ba kafin mu san shugaba nagari, domin kakanninmu sun bar mana tsarin gandu. A gandu, 'ya'ya da ƙanne suna noma gonar gida a ƙarƙashin maigida, amma shi ma akwai abin da ke wuyansa. Shi ke ciyarwa, shi ke biyan haraji, shi ke samar da fartanya da garma, shi ke ɗaukar nauyin auren saurayi. Bayan haka kuma yana yanka wa kowa gayauna, ya bar masa lokacin da zai noma ta, abin da ya samu nasa ne ba mai tambayarsa. Wata Baturiya mai suna Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta ƙasar Katsina ta fitar da littafi a 1972, ta nuna cewa gandu yarjejeniya ce ta son rai, ɗa yana iya fita in ya ga ba ta biya shi. Hikimar gayauna ita ce, mutumin da duk ƙarfinsa ke tafiya gonar wani, ba shi da wani abu da zai nuna ya ce nasa ne, ba zai daɗe yana noma da zuciya ɗaya ba. Gayaunar ma'aikacin yau ita ce hutunsa da lokacin iyalinsa, da ɗan fagen da za a sakar masa ya yi aiki da basirarsa, da damar ƙaro ilimi. Haka kuma a wurin gayya, mai gona ba ya tara mutane ya bar su da yunwa, kuma makaɗi yana kiran sunan gwani ɗaya-ɗaya yana yi masa kirari. Sun san cewa mutum yana son a san shi ne ya yi.

In maigida ya kasa sauke nasa nauyin, gandu watsewa yake yi, samari su tafi cin rani. Abin da muke gani ke nan yau a babban sikeli. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci tsakanin 15,000 da 16,000 sun bar Nijeriya cikin shekaru biyar. Mu a wurinmu tafiyar ba ta Ingila ba ce, ta Gusau ce da Sakkwato da Abuja. Wanda ke ƙauyen Bukkuyum yana neman a mai da shi cikin gari, na cikin gari yana neman Gusau. Kowane ɗaya da ya tafi, kayansa a kan na baya suke komawa, na bayan kuma su ƙara kusantar sarewa.

A nan ne za mu taɓo maganar haƙuri. A 1974, shekarar da Freudenberger ya fitar da nasa rubutu, wani Bature da ya daɗe a Arewa, Anthony Kirk-Greene, ya wallafa nazarinsa a kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki, inda ya lissafa halaye goma, wato gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Abin da muka lura da shi a wuraren aikinmu shi ne an raba waɗannan halaye rabon da bai dace ba. An ɗauki haƙuri da kunya da ladabi an miƙa wa na ƙasa, an ce su ne rabonsa. Gaskiya da amana da adalci da kiyaye mutunci kuwa, waɗanda su ne rabon na sama, an kulle su a durowa. Albashi ya makara, a yi haƙuri. An tsallake ka an ba ƙaninka a aiki girma, a yi haƙuri. Ka yi dare uku a jere kana aikin kwana, a yi haƙuri. Haƙuri maganin zaman duniya ne, ba mu musa ba, amma haƙurin da shugaba ke nema alhali gyaran yana hannunsa, wannan danniya ce aka sa mata rigar nasiha. Shugaba nagari shi ne wanda kafin ya ce a yi haƙuri ya riga ya yi iyakar abin da zai iya, kuma na ƙasa sun shaida ya yi.

Adalci kuma ya sa mu faɗi cewa shugaban ma mutum ne, shi ma yana sarewa. Babba juji ne, na sama su zubo masa umurni ba kuɗi, na ƙasa su zubo masa koke. Da yawa an ba su shugabanci ne don daɗewa a aiki ko don sanayya, ba wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu yadda ake riƙe mutane. Akwai kuma ma'aikatan da ba sarewa ke damunsu ba, ha'inci ne kawai, suna karɓar albashi suna can suna kasuwancinsu. Amma ko a nan ma, ƙyale irin waɗannan ba hukunci yana cikin abin da ya fi saurin karya mai ƙwazo, domin ba abin da ke ci wa mutum rai kamar ya ga shi da ke kwana a bakin aiki da wanda ba a ganinsa sai ranar biya duk ɗaya suke a idon shugaba.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa marubuta, wannan zance ya shafe mu ta fuska biyu. Ta farko, a yawancin littattafanmu na hikaya, manaja mutum ne mai babbar mota da ke zuwa zance, ofis kuwa wuri ne da ake sa hannu a tashi. Ba mu cika rubuta ungozomar da ke karɓar haihuwa da hasken tocila ba, ko malamin da ke lissafin kuɗin mashin kafin ya yanke shawarar zuwa makaranta. Ga labarai nan jibge a Anka da Gummi da Bukkuyum, kuma in muka rubuta su da gaskiya, mai yiwuwa wani shugaba ya karanta ya ga kansa, wani ma'aikaci kuma ya gane cewa abin da ke damunsa yana da suna, ba shi kaɗai ba ne. Ta biyu, mu dubi ƙungiyoyinmu na marubuta. Sau nawa muka ga reshe ya tashi da ƙarfi, sakatare ɗaya shi ke rubuta takardar gayyata, shi ke neman zauren taro, shi ke bin mambobi kuɗin wata, shi ke gyaran mujalla, in an yi kuskuren ɗab'i kuma shi za a tsare da faɗa? Bayan shekara biyu sai a ji shiru, a ce wane ya yi sanyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin taronmu na gaba, kowa ya duba wanda ke ɗauke da kayan reshensu, ya je ya karɓi wani abu daga ciki.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayi, Ya sa mu ma in an damƙa mana amanar mutane mu riƙe ta da adalci, Ya kuma kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, amin.